Sak, cancanta da zaɓen tumun dare

Tambaya: Malam, "sak" ɗin da ake ta faɗa lokacin zaɓe Hausa ce ko aro?

Hausa ce tsantsa, amsa-kama ce. Ka ce hanya ta miƙe sak, ko yaro ya ɗauko kamannin ubansa sak. 'Yan siyasa ne suka ja ta zuwa rumfar zaɓe, ta koma nufin dangwala wa jam'iyya ɗaya tun daga shugaban ƙasa har ɗan majalisa. Wannan bai dame ni ba, harshe haka yake tafiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kiran sak da sunan "aƙida". Aƙida daga Larabci take, tushenta ƙulli, wato abin da zuciya ta ƙulla bayan ta duba ta gamsu. Na taɓa tambayar wani matashi a layin zaɓe sunan wanda zai zaɓa sanata. Ya yi shiru, ya ɗaga babban yatsa, ya faɗa mini alamar jam'iyya. To me zuciyarsa ta ƙulla? Wannan biyayya ce, a kira ta da sunanta.

Ba na raina jam'iyya. Kalmar 'yar uwar jama'a ce da Juma'a da jami'a, duk taruwa suke nufi, kuma ɗan majalisa shi kaɗai ba ya yin doka. A Jamus ma ƙuri'a biyu ake ba mai zaɓen majalisar tarayya, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ta jam'iyya, sun san tambayoyi biyu ne daban. Amma duk inda mutum za a ɗora a kujera, a duba mutumin, domin hali zanen dutse ne, sauya sheƙa ba ta goge shi.

Tambaya: Mene ne asalin "ƙuri'a"?

Larabci, ƙur'a, wato jefa rabo a ga wanda zai faɗa wa. Da ƙ mai lanƙwasa ake rubuta ta, a daina "kuri'a".

Tambaya: Ina ma'anar "zaɓen tumun dare"?

Tumu zangarniyar sabon gero ce. Mai zaɓenta cikin duhu da lalube yake yi, sai gari ya waye ya ga marar ƙwaya ya ɗauko. Ku lura, karin maganar duhun take zargi. Shi ya sa ba na son a riƙa jifan masu sak kaɗai da ita. Wanda ya ce "cancanta" yake bi, alhali kyan hoton ɗan takara kawai ya gani a bango, shi ma a duhun yake. Cancanta sai da awo: me ya yi a muƙaminsa na baya, wa ya riƙe wa amana?

Tambaya: "Ɗan takara" ko "ɗan takarar"?

In za a ambaci kujerar, ɗan takarar shugaban ƙasa. In ba haka ba, ɗan takara.