Tsakiyar Hajiya da kuɗin adashi: a zuba ko a dakata?

Wata baiwar Allah daga unguwar Nima a birnin Akara na ƙasar Gana ta aiko da wannan tambayar a kan sana'ar tsakiya, wato duwatsun ado, na ɗan taƙaita ta:

"Malam, ina da shagon atamfa da mayafai, shekara 11 ke nan. Shekara huɗu da suka wuce na fara shirya tsakiya don jin daɗina kawai: sarƙa, abin hannu, jigida, wani sa'in carbi. Bayan isha'i nake zama, ran da ban ɗauki littafi ba. Ranar Lahadi da sassafe nakan taka bakin teku, ko Jamestown ko Labadi, in tsinto kwanson katantanwa da guntayen kwalba da ruwa ya goge, kuma a can launuka suke zo mini. Duk bayan wata biyu nakan je Koforiduwa sayen tsakiya. Yanzu mutane sun fara saye a hannuna. Sarƙar da na sa wa tsakiyar sidi 45, in zauna kanta awa uku, nakan sayar 90. Wata mai zuwa zan kwashi adashin sidi 6,000. Ƙawata ta ce in zuba shi duka, in kama tebur inda 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Zuciyata ta rabu biyu."

Hajiya, Allah ya yi wa nema albarka. Kada ki zuba kuɗin nan duka, kada kuma ki kama teburin nan bana. Ga dalilina, daga cikin lambobin da kika aiko zan ciro shi.

Kin ce tsakiyar 45, kin sayar 90. A zuci kina ganin riba ta ninka. Ke da kika shekara 11 kina lissafin yadin atamfa, na tabbata ba za ki yarda a yi miki irin wannan lissafi a shago ba, amma da yake abin so ne, sai kika kau da kai. To bari mu zauna a kansa. Lambobin da zan sa ƙiyasi ne nawa, ki goge su ki sa naki. Zare da ƙugiyar ɗaurewa da 'yan ƙarafan da ke raba tsakiya, mu ce sidi 8. Leda ko ɗan akwatin da za ki miƙa kayan a ciki, 4. Tafiyar Koforiduwa, garin da kasuwar tsakiya ke ci ranar Alhamis, ba kyauta ba ce: kuɗin mota zuwa da dawowa, abincin rana, da abin da za ki ba yarinyar da ta tsare miki shago ranar Alhamis ɗin. In duka sun kai 240, kuma kayan da kika sayo za su fitar da sarƙa ashirin, kowace sarƙa ta ɗauki 12. Sai asara. Duk mai taɓa tsakiyar Krobo, wadda mutanen ƙasar Krobo ke yi da hannu, ta san a kowane zare akwai wadda ta tsage, akwai wadda ramin ya toshe, akwai wadda ta gangara ƙarƙashin kujera ba a sake ganinta ba sai ranar sharar Salla. Mu sa 5. An tashi sidi 74. Abin da ya rage miki 16, a kan awa uku. Wato kina sayar da awa ɗaya ta darenki sidi biyar da 'yan kai.

Kuma wace awa? Wadda kike karatu a cikinta. Wadda kike hutar da ƙafa bayan wuni a tsaye. Tun da don nishaɗi kike yi, babu wanda zai ce miki kin faɗi, domin mai tafiya kallon ƙwallo ma kuɗi yake kashewa. Amma ranar da kika karɓi kuɗin wata kika ce mata ta zo ran Juma'a, zancen ya canza. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko idonki na zafi, ko littafin ya kai inda ba a ajewa, sai kin zauna kin zura.

Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. Awa nawa kike son sayarwa a mako? Ni da za ki ji tawa, dare uku, kamar awa takwas. Sauran dararen na littafi ne da iyali. Lahadi kuma ki cire ta daga ciniki baki ɗaya, zan dawo kanta. Awa takwas a mako ta ba ki kamar 32 a wata, wato sarƙa goma. In kika gyara farashi ya koma 150, abin da zai saura bayan an fitar da 74 ɗin nan shi ne 76 a kowace ɗaya, sidi 760 a wata. Kuɗi ne mai albarka ga abin da da ma kike yi kyauta. Amma ki ɗora masa hayar tebur da ladan wanda zai zauna a kansa, tun da ke kina Nima, ki ga abin da zai rage. Ba a tauna taura biyu. Tebur yana son kaya ɗari a shimfiɗe kullum, hannu ɗaya kuwa goma yake fitarwa a wata. Ƙarshenta za ki koma sarin na wasu don ki cike gurbi, ki tashi daga mai shirya tsakiya ki zama mai kirin kayan da kowa ke da su, a layin da mutum hamsin suka riga ki zama.

Na san za ki ce wa zai biya 150 alhali a kasuwar Makola ana samun sarƙa da kuɗin da bai kai rabin haka ba. Gaskiya ne, kuma kada ki ma gwada yin gasa da su. Tsakiyar roba da ta gilashin inji daga Sin ake shigo da ita buhu-buhu, ba mai hannu biyu da zai karya mata farashi. Abin da ke hannunki daban ne, sai dai dole ki iya faɗarsa da baki. Tsakiyar Krobo daga fasasshiyar kwalba ake yin ta. A daka kwalbar ta zama gari, a tankaɗe, a zuba a 'yan ramukan kaskon yumɓu, a tsaya da ɗan karan ganyen rogo a tsakiyar kowane rami. In an sa a wuta karan ya ƙone, ya bar ƙofar da zare zai bi. Bayan ta huce a wanke ta da ruwa da yashi ana gogawa a kan dutse. Shi ya sa ba biyun da suke daidai da juna. Matar da kika ɗora wa sarƙa a tafin hannu, ta ji nauyinta da sanyinta, kika ba ta wannan labarin cikin minti ɗaya, ba za ta sake kwatanta ta da ta roba ba. Wadda ta dage sai 90, ki ce mata albarka cikin fara'a, kamar yadda kike yi a kan leshi.

Wani abu kuma da 'yan kasuwar Gana suka koya da tsada a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba: kada ki yanka farashi da kuɗin da kika sayo kaya, ki yanka shi da kuɗin da za ki sake sayo su. Zaren tsakiyar da ya kwana wata shida a gwangwaninki, farashin wannan Alhamis ne nasa.

To ina kasuwarki take, in ba teburin 'yan yawon buɗe ido ba? Tana shigowa shagonki kullum da ƙafarta. Matar da ta sayi turmin atamfa tana neman abin wuyan da zai shiga da shi, ke kuma kin fi kowa sanin launin da ke jikin turmin, tun da ke kika saro shi. Ki rataye sarƙa biyar ko shida, kowace kusa da zanen da ta dace da shi. Babu haya, babu sabon ma'aikaci. In an zo fitar da anko na biki, nan ne ciniki mai kauri: ƙawayen amarya goma sha biyu, abin hannu iri ɗaya, kuɗi a dunƙule. Jigida kuwa ita ce ta fi komai rufin asiri a wannan sana'a. Ba ta son talla, tsakanin mata ake yin ta, awo ake yi, kuma wadda ta ji daɗin aikinki ita za ta kawo ƙanwarta. Carbi ma yana da lokacinsa, gab da azumi da dawowar alhazai, mai 33 ko mai 99, amma ki zaɓa masa tsakiya mai santsi da zare mai ƙarfi, don abin da ake ja sau ɗaruruwa a rana ba ya yafe ƙullin ganganci.

Kowane aikin da aka sa ki, rabin kuɗi kafin alƙalami. Ban ce ban da dangi ba. Dangi ne ma suka fi bukatar wannan dokar.

Game da ajiye kaya a shagon wani ya sayar a ba ki, ina da tabo. Ƙanwata ta taɓa kai 'yan kunne da sarƙoƙi wani shagon kayan tsaraba kusa da teku, aka ce sai an sayar za a biya. Ni na ba ta shawarar, Allah ya yafe mini. Bayan wata huɗu aka dawo mata da fiye da rabi, ƙugiyoyin duk sun yi baƙi sun yi kore, domin iskar gishiri ba ta barin ƙarfe mai araha. Ba takarda, ba sa hannu, ba wanda za a kama. In har za ki yi, ki rubuta adadi, farashi, la'adar mai shago, da ranar da za a yi lissafi, ku sa hannu ku biyu. Ki kuma sayi ƙugiyar da ba ta tsatsa ko da ta fi tsada, ko ki koyi rufe sarƙa da maɓallin tsakiya da hancin zare, ba ƙarfe sam. A gari irin Akara wannan ba ado ba ne, shi ne bambancin wadda za ta dawo saye da wadda za ta dawo ƙorafi.

Yanzu adashin. Ki ware kashi ɗaya cikin biyar, sidi 1,200, ki ce wannan ne jarin tsakiya. Sauran 4,800 su koma atamfa, musamman in Salla na gabatowa, don can kin san yadda kuɗi ke juyawa. Jarin tsakiya ya samu gidansa daban: littafinsa daban, gwangwaninsa daban, in da hali layin MoMo ɗinsa, na karɓar kuɗi ta waya, daban. Tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilun 2025, karɓar kuɗi ta nan ya ƙara sauƙi. Kada shago ya ranta wa tsakiya, kada tsakiya ta biya kuɗin cefane. In suka cakuɗe, shekara za ta zagayo ba ki san wanne ke ɗauke da wanne ba, kuma yawanci shagon ne ke ciyar da abin sha'awar a ɓoye har a fara cin uwar kuɗi.

In kin je Koforiduwa da kuɗin, ki tafi da takardar abin da za ki saya, don kasuwar nan tana da daɗin ɓatar da mutum. Za ki tarar da 'yan'uwanmu Hausawa da shimfiɗarsu ta tsofaffin tsakiyoyi, sana'ar da fatakenmu suka daɗe a cikinta, irin waɗanda Turawa suka riƙa kawowa daga Benis ta ƙasar Italiya ana musaya da su a gaɓar nan. Ki gaisa, ki zauna, ki tambaya, ki taɓa, ilimi ne kyauta kuma da harshenki. Amma kada ki sa jarinki a can tukuna. Ana yin sababbi masu kama da su ƙwarai, kuma idon da ke rabewa shekaru yake ɗauka. Wata rana kuma ki canza hanya ki je kasuwar Agomanya, wadda ke ci Laraba da Asabar a cikin ƙasar Krobo, kusa da masu gasa tsakiyar da kansu. Wanda ya saya a bakin wuta yakan samu sauƙi, kuma kina iya cewa a yi miki launin da kike so.

Na ce zan dawo kan Lahadi. Ƙawarki, da kyakkyawar niyya, za ta ce tun da kina zuwa Labadi ai sai ki riƙe 'yan kaya a jaka ki nuna wa masu shan iska. Kada ki fara. Ke da bakinki kika ce a can launuka suke zo miki: ja da farin hasumiyar Jamestown, fentin jiragen masunta, ruwan toka-toka na sassafe. Mai neman wanda zai saya fuskokin mutane take kallo, ba ruwa ba. Masunta 'yan ƙabilar Ga ma, da teku ce abincinsu, ba sa fita ranar Talata. Abin da ya raba sarƙarki da ta layin tebur daga wannan tafiyar yake fitowa, da kuma kwanson da kike tsintowa, wanda ba ki biya ko kwabo ba amma shi ne ba wanda ke da irinsa. Ki dai jiƙa shi a ruwan daɗi ya kwana, ya bushe sarai kafin ki huda, in ba haka ba ƙarni zai biyo sarƙar har wuyan mai ita. Kuma ki riƙa ajiye wa kanki ɗaya cikin biyar na abin da kika shirya, wanda ba na sayarwa ba, wanda za ki gwada haɗin da ba wanda ya ce ki yi.

Ki yi haka wata uku. A littafin tsakiya ki riƙa rubuta abu uku kawai: abin da ya fita, abin da ya shigo, da awannin da kika zauna. A gefen shafi kuma ki ja layi ɗaya duk lokacin da kika gama karanta littafi. In wata ukun sun cika, ki sake rubuto mini da lambobin nan, har da yawan layukan gefen shafin, sai mu duba ko lokaci ya yi da za ki koya wa yarinyar shagonki zura jigida.