Wai a Ƙara Inci Ɗaya, In Ta Ƙi Shiga a Sassaƙe Bango

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tagogin gidana na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye su, ina so in sa na alminiyam. Mai aikin ya auna kowace taga sau ɗaya, ya ce zai ƙara inci ɗaya don ta kama bango tsam, in ta ƙi shiga sai a ɗan sassaƙe. Na riga na ba da kafin alƙalami, gobe zai fara yanka, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kira shi yau ɗin nan ka ce ya dakata.

Ramin taga ake aunawa, daga bulo zuwa bulo, ba tsohon firam ba. Faɗi a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Tsayi ma haka: hagu, tsakiya, dama. Sai a ɗauki lamba mafi ƙanƙanta a kowanne. Daga nan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, sau biyu. In bambancin ya haura milimita 6, ramin ya karkace, magini zai gyara shi kafin a yi maganar taga. Tef na ƙarfe, don Allah, ba na tela ba. Kuma kowace taga da awonta, ko da a ido kamar tagwaye suke.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Ragewa ake yi, ba ƙarawa ba. Daga ƙaramar lambar nan ana cire kamar milimita 10, a bar milimita 5 a kowane gefe. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka ga mutuminka ya wuce ramin da 25 a inda ya kamata ya rage 10. Kusan kullum sai na ci karo da wannan maganar ta "sai ta kama tsam", ban san wa ya koya musu ba.

Firam yana numfashi. Alminiyam mai tsawon mita 2, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa kusan milimita ɗaya da rabi. Na roba, wato uPVC, ya ninka haka fiye da sau biyu. In an cusa shi da guduma babu inda zai motsa, sai ya lanƙwashe. Ranar farko taga tana zamewa sumul. Da zafi ya yi, sai ka sa hannu biyu kafin ta buɗe, wata safiya kuma ka tarar gilashi ya tsage daga kusurwa, a ɗora wa yara laifi.

Sassaƙar ta fi haɗari. In a gefe ne, ɓarnar filasta ce da bulo. Amma in tsayi ne ya yi yawa, sama za su nufa, kuma abin da ke saman taga linta ce, ita ke ɗauke da nauyin bangon da ke bisanta. Kankaren da ke lulluɓe da rodi a ciki 'yan santimita ne kawai. Na taɓa shiga wani gida na ɗaga kai na ga rodi biyu tsirara a saman sabuwar taga, an shafe su da fenti wai kar mai gida ya gani. Rodi in ya sha danshi ya yi tsatsa, kumbura yake yi ya fasa kankaren. Linta ta sauko, nauyi ya koma kan firam ɗin da ba a yi shi don ɗaukar ko bulo ɗaya ba. Wanda ya yi aikin kuwa ya daɗe da karɓar cikon kuɗinsa, wayarsa a kashe.

Kar ya ce maka ratar za ta shigo da ruwa da ƙura. Ana saita firam da 'yan ƙananan abubuwan tokari da ake cusawa tsakaninsa da bango har ya tsaya daidai, a ɗaure da sukuru, a cike ratar da kumfar gini mai daskarewa, a bi da silikon ta waje. In kuma gilashin mai tauri ne, irin wanda aka gasa, ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kuskuren awo sabon gilashi ne.

Ku sake awon tare, kana tsaye. A rubuta faɗi da farko sannan tsayi, duka a milimita, ya sa hannu a takardar, kai ma ka riƙe kwafi.