Me ya sa manoman Ostireliya ke kiran 'yan asalin ƙasar su ƙona musu fili?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce a Ostireliya masu gonaki kan gayyaci 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, su cinna wa filayensu wuta da sunan kare tsirrai da namun daji. Mu nan kullum ana hana mu ƙona daji. Ta yaya wuta za ta zama kariya? Kuma me zai sa mai fili ya nemi wani ya koya masa kula da filinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai wuta suna ta tara.

Aborijin sun shafe sama da shekara 50,000 a wannan ƙasa. Turawan Ingila kuwa a 1788 suka fara zama, suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, kuma sai a 1992, a shari'ar da wani ɗan asalin ƙasar mai suna Eddie Mabo ya shigar, babbar kotun ƙasar ta rushe wannan da'awa. Kafin nan an yi ɓarna mai yawa. Tumaki sun cinye murnong, wata saiwa da ake haƙowa a ci a kudu maso gabas. Zomayen da aka saki a jihar Biktoriya a 1859 sun mamaye ƙasar, kyanwa da yanyawar Turai suka afka wa ƙananan namun daji. Sama da nau'i 30 na dabbobi masu shayarwa sun ƙare ƙaf.

Manoma sun fara farga. A 1986 aka kafa ƙungiyar Landcare ta farko a Biktoriya, inda maƙwabta ke yin gayya su dasa bishiyoyi, su shinge bakin rafi, su cire baƙin ciyayi. Aiki ne mai kyau, amma takardar mallakar fili ba ta gaya wa mutum lokacin da wata ciyawa ke zubar da iri ko inda tsuntsu ke yin sheƙa. Wannan sani yana wurin zuriyar waɗanda aka kora daga filin.

To, ga batun wutar. Ba a tsakiyar zafi Aborijin suke kunna ta ba. Suna jiran lokacin sanyi, da sauran danshi a ƙasa, iska kuma ta kwanta. Wutar takan tafi ƙasa-ƙasa, a hankali, har ƙadangaru da ƙwari su samu su tsere, kuma ba ta kai wa rassan bishiya. Gefe-gefe ake ƙonawa, a bar wani wuri sai baɗi, don dabbobi su sami mafaka da abinci. Busasshen ganye da kirare da za su taru su zama makamashin babbar gobara sun ragu ke nan. A yankin Arnhem da ke arewacin ƙasar, tun 2006 masu gadin daji 'yan asali ke ƙonawa a farkon rani don hana gobarar ƙarshen rani, ana kuma biyan su saboda hayaƙin da suka rage. Bayan gobarar 2019 zuwa 2020, wadda aka ƙiyasta ta shafi dabbobi kusan biliyan 3, masu filaye da dama a kudu suka fara neman irin wannan taimako. Ban ce maganin kowace gobara ba ne. Idan fari ya yi tsanani, wuta kan fi ƙarfin kowa.

Ka ga ta sha bamban da wutar da ake sakar wa daji a wajenmu lokacin hunturu don farautar gafiya, ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ba mai tsaron ta. Hanin da ake muku daidai ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke son ilimin amma ba sa son masu shi. A kira dattijo ya nuna dabara rana ɗaya, a yi hotuna, a sallame shi. Kowane yanki da al'ummarsa, kuma su ke da ikon cewa ga lokacin ƙonawa, ga wurin da ba a taɓawa saboda alfarmarsa. Inda haɗin ya ɗore, za ka tarar mai gona ya buɗe musu ƙofa su riƙa shiga da 'ya'yansu shekara bayan shekara, ya biya ladan aikinsu, kuma idan suka ce bana ba za a ƙona ba, ya haƙura.