Kamfani ya riƙe waƙoƙina, shekara biyu ban ga sisi ba: ina mafita?

Wani matashin mawaƙi daga Kano ya rubuto cewa ya ƙulla yarjejeniyar shekara uku da wani kamfanin waƙa. An ba shi kafin alƙalami naira miliyan 2, an kashe miliyan 4 a situdiyo da bidiyo, kasonsa kuma 30 cikin 100. Shekara biyu ke nan babu ko sisi, yana so ya raba gari da su.

Ɗan'uwa, kada ka fice tukuna, kada kuma ka saki sabuwar waƙa da kanka. Ranar da ka yi haka, kai ne ka karya yarjejeniya, su kuma su nemi kotu ta dakatar da kai.

Ɗauko takardar ka nemi inda aka yi maganar cire kuɗin da aka kashe. Nan ne yawancin mawaƙa ke faɗawa rami. Galibi daga kason mawaƙi kaɗai ake cirewa, ba daga jimillar ciniki ba. In haka taka take, sai waƙoƙinka sun kawo miliyan 20 kafin kashi 30 ɗinka ya cike miliyan 6 ɗin da suka kashe a kanka. Ƙila dai ba su ci kuɗinka ba, takardar ce ta ci ka. Amma baki ba ya isa hujja, sai sun nuna lissafi. Lauyanka ya rubuta musu wasiƙa, ya nemi bayanin abin da ya shigo daga YouTube, Audiomack, Boomplay da wasannin biki, da rasit na duk abin da suka ce sun kashe, cikin wa'adin da takardar ta tanada. In suka ƙi, ko lissafin ya nuna ɓoye, laifin ya koma kansu, ka sami madafar soke yarjejeniyar.

Duba wa'adin ma: shekara uku kawai aka rubuta, ko sai ka cika wani adadin waƙoƙi?

Batun mallaka kuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta raba abu biyu. Baiti da kari naka ne, kai da ka tsara. Sautin da aka naɗa kuwa na wanda ya ɗauki ɗawainiyar naɗar ne, sai in an rubuta akasin haka. Kuma sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, don haka abin da ba ka sa hannu ka ba su ba yana hannunka. Ka bincika ko sun yi rajistar sunanka na waƙa. A kan irin wannan rikici da kamfanin waƙa na G-Worldwide, wanda ya kai kotu a 2017, mawaƙi Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel.

Ni dai sulhu nake ba ka shawara ka fara nema, don shari'a na iya cinye shekarun da muryarka ke tashe. In takardar ta ce a je gaban mai sasanci, dole a fara da can. Tayin da za ka iya yi musu shi ne su sake ka, su ci gaba da cin tsofaffin waƙoƙin har su mai da kuɗinsu, daga nan su dawo maka da su, duk a rubuce. In sulhu ya ƙi, rikicin haƙƙin mallaka na Babbar Kotun Tarayya ne, zallar bashin kwangila kuma na Babbar Kotun Jiha. Kafin nan, adana saƙonnin WhatsApp da shaidar duk kuɗin da aka tura maka ta banki.