Gwajin kwalba da ruwan kogi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sinadarin da ya ruɓe a ɗakin gwaji zai ruɓe haka a kogi. Ba lallai ba ne.

Gwajin OECD 301, wato gwajin kwalba da ƙungiyar ƙasashe ta OECD ta tsara don auna ko ƙwayoyin bakteriya za su ruɓar da sinadari, kwana 28 ake yin sa, yawanci da bakteriyar matatar ruwan masai, a ɗumin kusan digiri 22. Amma sinadarin da ake zubawa a kwalbar ya fi na kogi yawa nesa ba kusa ba. Ga shi bakteriyar kogi tana canzawa daga damina zuwa rani, har daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Ni na fi yarda da wani gwajin, OECD 309, domin ruwan kogin kansa ake ɗebowa, a sa sinadarin kaɗan. Shi ma a maimaita shi da ruwan wurare daban-daban.