Allunan zamiyar ƙanƙara marasa nauyi: waɗanne za su yi aiki daga safe har yamma?

Tambaya: Tsawona santimita 175, nauyina kilo 70. Na ɗan iya zamiya amma ban ƙware ba. Allunan ski (dogaye biyu da ake ɗaurawa a ƙafa) da nake amfani da su sun yi mini nauyi, kafin tsakar rana ƙafafuna sun gaji. Ina neman marasa nauyi da za su yi aiki a kan ƙanƙara mai tauri da safe, da kuma dusar ƙanƙara mai laushi ko wadda ta fara narkewa da rana. Me zan duba?

Amsa: Malam, fara da faɗin ƙugun allon, wato tsakiyarsa inda takalmi ke zama. Nemi tsakanin milimita 88 zuwa 96. Ƙasa da haka, allon zai riƙa nutsewa a sabuwar dusa. Sama da milimita 100 kuwa, juya shi daga gefe zuwa gefe a kan ƙanƙara mai tauri sai da ƙarin ƙarfi, kuma gwiwa ce ke biyan bashin.

Batun nauyi shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ba kowane allo mara nauyi ne zai rage maka gajiya ba. Idan rana ta yi, masu zamiya sun tattake dusa ta zama tudu-tudu da gudaje, allo mai ɗan nauyi yakan ratsa ta. Wanda ya cika rashin nauyi kuma kowane guda ya buga masa sai hancinsa ya karkace, ka ji yana karkarwa a ƙarƙashinka, tsokar cinya ce ke ta aikin daidaita shi. Idan na'ura ce ke kai ka saman dutse, nemi wanda kowane ɗaya ke da giram 1,600 zuwa 1,800 ba tare da abin kama takalmi ba. Waɗanda ke ƙasa da 1,400 galibi don masu hawa da ƙafa aka yi su.

Tambayi mai sayarwa abin da ke cikinsa. Katakon paulownia ko karuba na rage nauyi, zaren kabon na ƙara tauri amma ba ya kashe girgiza sosai. Faifan ƙarfe na Titanal shi ke kwantar da girgizar, sai dai yana da nauyi. Mafi dacewa da kai shi ne wanda aka sa wa ƙarfen a ƙarƙashin ƙafa ko a gefe kawai, ba daga hanci har wutsiya ba.

Ka kwantar da allon a ƙasa ka duba: tsakiyarsa ya ɗan yi doro, hancinsa ya ɗaga da wuri. Doron ne ke sa kaifin gefe ya kama ƙanƙara, ɗagin hancin kuma ya hana shi nutsewa. Tunda ɗagin na rage tsawon da ke taɓa ƙasa, ɗauki santimita 170 zuwa 175, da lanƙwasar juyi (wato rabin faɗin da'irar da allon ke zanawa idan ya juya) ta kusan mita 16 zuwa 18.

Abin kama takalmi ma na da nasa nauyin, kuma faɗin birkinsa (ƙarafunan da ke hana allo gudu idan ya rabu da takalmi) kada ya gaza faɗin ƙugu, kada ya wuce shi da fiye da milimita 15. Lambar DIN, wadda ke sa ya saki takalmi idan ka faɗi, ka bar wa ƙwararre ya saita ta bisa nauyinka, tsawonka, shekarunka, iyawarka da tsawon tafin takalminka.