Tambayi Likita: Na fara shan saiwoyin ƴan Chaina a Gwanzu, in ci gaba ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata huɗu a Gwanzu ina yi wa mutanenmu na Kantin Kwari lodin kaya. Ciwon baya ne ya sako ni gaba kusan wata takwas, na sha diclofenac har ya fara taɓa min ciki. Sai wani abokin hulɗata ɗan ƙasar ya kai ni wani ɗan shago a lungu, tsohon ya riƙe min tsintsiyar hannu ya ce in fito da harshe, ya tsittsira min allurai a baya ya kafa min ƙaho na kwalba, wallahi ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. To amma ya haɗo ni da ƙunshin saiwoyi in dafa in riƙa sha safe da yamma, kuma ya ce in ajiye maganin hawan jinin da nake sha. Yau kwana biyar kenan, kaina sai sarawa yake, ƙafafuna sun ɗan kumbura. Ban san me ke cikin ƙunshin ba, ga tsoron kar in sha haram. Dan Allah a ban shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ka ajiye saiwoyin nan yau ɗin nan, ka koma kan maganin hawan jininka yadda aka rubuta maka, sannan ka je babban asibiti a auna jinin, a yi gwajin ƙoda da sinadarin potassium. Ka tafi da ragowar ƙunshin a leda su gani. In awon ya kai 180 bisa 120, ko ganinka ya fara dishi-dishi, ko ƙirji ya riƙe, ko fitsari ya ragu, to wannan ba na jiran gobe ba ne.

Ciwon kai da kumburin nan ne suka tayar min da hankali. Akwai wata saiwa mai zaƙi da suke kira gan cao, da wuya ka ga haɗi babu ita, tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da potassium, jini ya hau. Akwai kuma ma huang da ke zaburar da zuciya, Amurka ta hana saida shi a matsayin ƙarin abinci tun 2004. Mai hawan jini ya sha irin waɗannan kuma ya daina ƙwayarsa ai an haɗa masa zafi biyu, ga diclofenac na wata da watanni wanda shi ma ba ya raga wa ƙoda. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren saka wata saiwa ta dangin aristolochia a madadin wata mai kama da ita a suna, ita kanta Chaina daga baya ta cire irinsu daga kasuwa a 2003 da 2004. Shi ya sa ba na yarda mutum ya sha abin da ba a rubuta masa sunansa ba.

Kar kuma ka ɗauka raina maganin mutanen nake, ko kusa. Maganin zazzaɓin sauro da muke ba yaranmu kullum, irin su Coartem, asalinsa daga ganyen qinghao ne, ɗan uwan tazargade, wata baiwar Allah Tu Youyou ta tono shi daga tsoffin littattafansu ita da ƴan tawagarta suka tace sinadarin a 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Amma ka lura, sai da aka tace aka auna aka gwada a kan mutane aka san iya adadin da za a sha, ba ƙunshi aka miƙa wa mutum a leda ba.

Allurar kuwa ba ni da ja da ita. Ciwon baya mai daɗewa yana cikin ƴan wuraren da bincike ya nuna tana rage raɗaɗi, ba warkewa ɗungurungum ba amma sauƙi na gaske, kuma ga mai gyambon ciki irinka ta fi maka ƙwayar kashe zafi. Sharaɗin kawai allurar ta zama sabuwa fil a yage ledarta a gabanka, saboda ciwon hanta nau'in B yana da yawa a can kamar yadda yake a gida. Ƙahon ma ai ba baƙonmu ba ne, wanzamanmu sun gaje shi, nasu dai yawanci busasshe ne ba tsaga, shatin yakan ɓace cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Maganar haram ka yi gaskiya da ka tambaya, dan ba duka ne tsiro ba. Akwai ejiao da ake dafawa daga fatar jaki, wanda shi ne ya cinye mana jakuna har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su dan fata a 2024. Akwai haɗin da ake saka kunama ko busasshiyar tsutsa, akwai na jiƙo a giya da suke kira yaojiu, kai har wani ɗan ruwan kwalba na ciwon ciki da zafin rana da kowa ke saya a kemis, huoxiang zhengqi shui, kusan rabinsa barasa ne, duk da akwai na kafso. Ka ce musu kai musulmi ne kana son qingzhen, kalmarsu ta halal kenan, ka nemi na tsiro zalla. Hukuncin lalura kuma wannan na malamai ne, ga masallacin Huaisheng nan, ka samu liman ka yi masa bayani.

In kana son ci gaba da allurar, ka bar shagon lungu. Gwanzu na da manyan asibitocin gwamnati na maganin gargajiya, kamar babban na lardin Guangdong, inda likitocin suka yi jami'a suna da lasisi, a gini ɗaya za a ɗauki hoton bayan a auna jini a yi maka allurar. Likita irin wannan ba zai ce ka yar da maganin hawan jini haka kawai ba. Duk abin da aka rubuta maka ka karɓi takardar, sunan kowace saiwa da giram nawa, ka ɗauka a waya. Na kwali kuma ka duba lambar rijistar hukuma, ta maganin gargajiya da harafin Z take farawa.

Wani abu da ban ji ka ambata ba, ko ciwon yana sauka ƙafa, ko akwai sanyin ƙafa ko wahalar riƙe fitsari? In akwai ka faɗa wa likitan da bakinka tun kafin ya tambaya, kuma ka tafi da tafinta wanda ka yarda da shi. Kwalayen nan ma ka bar wa yara su ɗaga na ɗan lokaci. In sakamakon ƙodar ya fito ka turo mana tare da awon jinin na kwana uku a jere, sai mu duba tare.